Ku Daina Dukan Talaka da Karma

Kalmar "karma" ta shigo bakin matasanmu ta finafinan Indiya da shafukan sada zumunta, har ta zama abin jifan duk wanda masifa ta faɗa wa: "Karma ce ta kama shi." Masu faɗin haka sun ɗauko kalmar, sun baro nauyinta a can. A Indiya ma, inda aka haife ta, an shafe ƙarnoni ana yi mata wannan ɓarna, kuma da masu ɓarnar muke rigima yau.

A harshen Sanskirit, karma na nufin aiki. Malaman Hindu suna kwatanta ta da maharbi. Kiban da ke cikin kwarinsa su ne ayyukan da ya tara a baya. Wadda ya riga ya saki ta tafi, ba mai dawo da ita. Amma akwai wadda ke ɗane a baka, ita kam yana da ikon ya harba ko ya sauke. Duk tarbiyyar a kan wannan kibiya ta uku take. A littafin Yoga Vasistha, malami Vasistha ya nuna wa yarima Rama cewa abin da ake kira rabo ƙoƙarin jiya ne kawai, kuma shi da ƙoƙarin yau kamar raguna biyu ne masu karo, mai ƙarfi ke kayar da ɗan'uwansa. A Bhagavad Gita, mai baiti 700 a babi 18, Arjuna ya yar da bakansa a filin daga na Kurukshetra. Krishna ya yi masa doguwar nasiha, a ƙarshe kuma ya bar masa zaɓi a hannunsa. Koyarwar a fili take: mutum ya tuhumi kansa, ya tashi, ya daina rataya wa taurari laifinsa.

To, dubi yadda aka juya ta. Tun da aka yarda cewa mutum na mutuwa a sake haihuwarsa, sai masu gata suka ce wanda aka haifa a gidan masu kwasar kashi hakkin rayuwarsa ta baya yake biya. Koyarwar da aka gina don mutum ya binciki zuciyarsa ta koma hujjar naɗe hannu a kalli wahalar wani. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, sai dai waɗannan sun taka nasu har sun hango na rayuwar da ba wanda ya shaida.

A watan Maris na 1927, Dokta Ambedkar ya jagoranci dubban 'yan Dalit, waɗanda ake ƙyamar taɓawa, zuwa tafkin Chavdar a garin Mahad don su sha ruwan da hukuma ta riga ta halatta musu. Bayan sun sha aka far musu da duka, aka kuma zuba kashin shanu da fitsarinsu a tafkin wai don tsarkake shi. Muna tambaya: a ranar, wa ya ɗauki nauyin rayuwarsa? Wanda ya tako ya ɗebi ruwa, ko wanda ya ɗaga sanda yana cewa haka aka rubuta? Sandar ma kibiya ce da ke hannu, mai ita ne ya zaɓi sakinta.

Za a ce mana ai littattafan da kansu ne suka buɗe ƙofar. Ba mu musa ba. Chandogya Upanishad ta danganta haihuwa a babban gida ko ƙasƙantacce da halin mutum na baya, Gita kuma ta ɗora wa kowane aji aikinsa. Wannan ne ya sa Ambedkar ya yanke ƙauna, ya koma addinin Buddha a Nagpur a 1956. Amma wani ya tsaya a ciki ya yi faɗan. Narayana Guru, ɗan al'ummar Ezhava da ake hana shiga wuraren bauta a Kerala, ya kafa wurin bautar Shiva da hannunsa a Aruvippuram a 1888, bai jira izinin Barahmanawa ba. Addini ɗaya ne, shi ya karanto umarnin tashi, su suka karanto izinin danniya. Karatun da mutum ya zaɓa ma aikinsa ne.

Tsarin mulkin Indiya na 1950 ya soke ƙyamar taɓawa a sashe na 17, dokar 2013 ta sake haramta sa mutum kwasar kashi da hannu, amma har yau 'yan Dalit na mutuwa a cikin magudanan ƙazanta. Wanda ya tura su ciki ba da kayan kariya ba, ba shi da bakin zancen rayuwarsu ta baya. Nasa aikin na yau ne, kuma da shaidu.

Saboda haka duk mai son ɗaukar wannan koyarwa, a Delhi yake ko a Kano, ya ɗauke ta da sharaɗinta: a kan kai ake aiwatar da ita. Mai cewa kowa shi ya shuka abin da yake girba, ya fara lissafa abin da shi yake shukawa a lokacin da maƙwabcinsa ke cikin rami yana kallo. Alhaki kwikwiyo ne, kuma ya san hanyar gidan ɗan kallo.