Kada Kunya Ta Kwantar Da Iyayenmu

Tsohuwa takan taso daga ƙauyen Gagarawa ko Sule Tankarkar har Babban Asibitin Gumel, amma in ta tarar likitan namiji ne, sai ta ce "ciwon ciki" alhali ciwon mata ke damunta. Ta koma gida da maganin da ba nata ba. Dattijo ma ba ya son yarinya sa'ar jikarsa ta tambaye shi zancen fitsari. Matasa sun fi son shiga su kaɗai. Mu ƙyale su. A ganina, Zumuntar Mata ta keɓe mata biyu masu riƙon amana, su riƙa raka tsofaffi, su roƙa a haɗa su da ma'aikaciyar jinya. Dattawan ikilisiya su yi wa maza haka.