Wa Ya Zana Katin? Tsohon Zalunci a Sabuwar Kasuwar Tarot

A watan Disamba na 1909 kamfanin William Rider da ke Landan ya fitar da wani ƙunshin katunan duba guda 78, irin waɗanda Turawa ke kira tarot. Har yau babu ƙunshin da ya kai shi yaɗuwa, kuma mafi yawan na bayansa tsarinsa suka kwaikwaya. Shekara da shekaru ana kiransa Rider-Waite, wato sunan mai ɗab'i da na Arthur Edward Waite, wanda ya tsara ma'anonin katunan. Ita kuwa Pamela Colman Smith, wadda ta zauna ta zana su ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan watanni, ba a sa sunanta ba, sai 'yan haruffan da ta saƙa a gefen zanen. Ladan aiki aka ba ta sau ɗaya, ba ta da kaso a ciniki, kuma a wata wasiƙa ta koka cewa aikin babba ne, kuɗin kaɗan. Ta rasu a 1951 a garin Bude na Ingila, bashi ya yi mata katutu, har aka yi gwanjon kayanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba sai mutum ya yarda da duba ba kafin wannan labari ya sosa masa rai. Tarot dai wasan karta ne da ya ɓulla a arewacin Italiya wajen 1440, kuma sai a 1781 Antoine Court de Gébelin ya ƙirƙira masa asali daga Misira ta Fir'auna, ba tare da hujja ba. In aka tuɓe masa wannan rigar aro, abin da ya rage shi ne zane a kan takarda, kuma zane haƙƙin mai shi ne.

Wannan rauni ne buga katuna da kai ya zo ya warkar. Tun da aka buɗe dandalin Kickstarter a 2009, mai zane na iya nuna samfurin aikinsa, masu sha'awa su biya tun kafin a buga, ya kai kuɗin wata maɗaba'a, galibi a ƙasar Sin, a buga masa, ya aika wa kowa nasa. Ba ya jiran wani kamfani ya amince. Kim Krans ta buga The Wild Unknown da kanta a 2012, ya karɓu, sannan a 2016 babban kamfanin HarperCollins ya sake fitar da shi da sunanta a jiki. Ga kuma katunan da ake kira orakul, waɗanda ba su da ƙayyadadden adadi ko tsari, don haka ƙofarsu ta fi faɗi.

Sai dai an gudu ba a tsira ba. Ɓarawo na farko shi ne mai jabu: ya sayi kwafi ɗaya, ya ɗauki hotonsa, ya buga a takarda mara kauri, ya cire ɗan littafin bayani, ya zuba a manyan kasuwannin intanet a farashin da mai aikin ba zai iya saukowa gare shi ba. Wannan kowa ya san sunansa ɓarawo.

Na biyu ya fi haɗari, domin shi da rigar mai buga aikin kansa yake shigowa. Yakan zauna gaban manhajar ƙirƙirar hoto irin Midjourney, ya rubuta mata umarni, ta zubo masa hotuna 78 cikin kwanaki kaɗan, ya rubuta sunansa a kwali. Manhajar kuwa daga ina ta koya? Daga ɗimbin zane-zanen da aka kwaso a intanet, akasari ba da izinin masu su ba. Abin da aka yi wa Smith ita kaɗai, yanzu taron masu zane ake yi wa, kuma su ko haruffan gefe ba a bar musu ba.

Masu kare wannan hanya sukan ce ai tarot dama gadon kwaikwayo ne, ita ma Smith ta ari siffofi daga katunan Sola Busca na ƙarni na 15. Gaskiya ne, ta ara. Amma ana iya ɗora katinta kusa da wancan a nuna abin da ta ɗauka da abin da ta ƙara, kuma hannunta ne ya mai da akasarin ƙananan katuna 40 masu lamba suka zama labarai masu mutane a ciki. Wa zai iya bin sawun abin da na'ura ta haɗiye? Sukan kuma ce ba kowa Allah ya ba baiwar zane ba. Shi ma Waite bai iya ba, shi ya sa ya nemi wadda ta iya. Neman ba shi ne laifin ba. Laifin shi ne yadda aka sallame ta, da sunan da aka danne.

Doka ma ta fara magana. A Fabrairun 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya yanke cewa hotunan littafin Zarya of the Dawn, da aka samar da Midjourney, ba su da kariya, domin ba mutum ne ya zana su ba. Ke nan mai irin waɗannan katuna, ranar da mai jabu ya kwafe masa hotuna, zai sha wuyar samun inda zai kai kuka. Wanzami ba ya son jarfa. A watan Agusta na shekarar, Kickstarter ya wajabta wa masu neman tallafi su bayyana in sun yi amfani da na'ura.

Bayyanawa kaɗai ba ta isa ba. Duk wanda zai buga ƙunshi, ya sa sunan mai zane a fuskar kwali daidai da nasa, ya rubuta masa kaso a kowane bugu maimakon ladan rana ɗaya. Mai saye kuma ya tambaya kafin ya biya. Sai bayan gomman shekaru da rasuwar Smith mutane suka soma cewa Rider-Waite-Smith, kuma wannan gyara bai biya mata ko sule ɗaya na bashinta ba. Masu zanen yau suna raye, ana iya biyan su.