Kafin A Gina Wa Ɗan Kasuwa Shafi, Wa Zai Riƙe Mabuɗin?

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana a makon nan shi ne wani abin takaici da ya sami telana a Agege, nan Ikko, ana saura 'yan kwanaki Sallah. Bawan Allahn nan ya daɗe yana ɗinkin manyan riguna da kaftani, har ma'aikatan ofis daga Ikeja suna aiko masa da yadi. Shekara biyu da suka wuce wani saurayi ya gina masa shafin intanet, ya karɓi ladansa, shi kuma telan ya buga adireshin shafin a katinsa da ledojinsa da allon ƙofar shago. Ran nan sai wani mai ciniki ya ce masa shafin ba ya buɗuwa. Aka nemi saurayin sama da ƙasa, aka ce ya bar gari, lambarsa ma ba ta shiga. Da muka bincika sai muka tarar wa'adin sunan shafin ne ya ƙare, da sunan saurayin aka yi rajistarsa, kalmar sirri kuma tana hannunsa. Watau telan ya biya kuɗin gini, amma ko mabuɗi ɗaya ba a damƙa masa ba.

Samarinmu da yawa sun shiga wannan sana'a ta gina wa ƙananan 'yan kasuwa shafi, kuma abin a yaba ne. To amma in ka zauna da su sai ka ji gardamarsu duk a kan wace manhaja ce ta fi kyan zane, wace ce ta fi saurin gamawa. Ni kuwa a ganina tambayar da ya kamata a fara yi ita ce, ranar da magini ba ya nan, mai shago zai iya riƙe abinsa?

Domin a fahimci maganar, ya kamata a san cewa kowane shafi abu uku ne. Akwai suna, watau adireshin da ake bugawa, wanda ake biya wa kuɗi duk shekara. Akwai masauki, watau kwamfutar wani kamfani wadda ba a kashe ta dare da rana, inda ake ajiye hotuna da rubutun shafin. Sa'an nan akwai manhajar da ake ginin da ita. Manhajojin nan kuwa iri biyu ne.

Iri na farko kamar gidan haya ne wanda aka riga aka share, aka sa kujeru. Cikinsu akwai Wix, wanda aka kafa a Isra'ila a 2006, da Squarespace na Amurka, da Shopify na Kanada wanda aka yi musamman domin masu sayar da kaya. A nan kamfani ɗaya ne ke ba da manhaja da masauki, shi ke gyara, shi ke gadi. Wanda bai san kan kwamfuta sosai ba zai iya haɗa shafi mai kyau cikin yini ɗaya, ya kuma iya canza farashi ko hoto da kansa. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Sai dai haya haya ce. Shafin da aka gina a Wix ba ya ɗaukuwa a kai shi wani masauki. In ka tashi, sunanka kaɗai za ka tafi da shi, sai ka sake gini daga tushe. Tsarinsa na kyauta kuma yana liƙa tallan kamfanin a kan shafinka, adireshin ma da sunan kamfanin a ciki.

Babbar matsalar dai ita ce yawancin kamfanonin nan da dala ake biyansu, alhali kuwa tela da mai kanti naira suke samu. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta haye 1,500. A ce hayar shafi dala 20 ce a wata: wanda yake biyan naira 9,200 ya wayi gari ana neman 30,000 a wurinsa, ba tare da ya ƙara sayar da ko hula ɗaya ba. Har ila yau a 2022 bankuna da yawa sun hana biyan kuɗin waje da katin naira, sai a 2025 waɗansunsu suka sake buɗe ƙofar. A tsakanin nan duk wanda shafinsa ya rataya ga dala ya san irin wuyar da ya sha.

Kada kuma wani ya ce ai ga na kyauta. Kamfanin Google ya yi shekaru yana ba masu ƙananan sana'o'i shafi kyauta, sai a watan Maris na 2024 ya rufe su baki ɗaya. Wanda ya buga wannan adireshi a katinsa ba shi da wurin kai ƙara, domin ba sisinsa a ciki. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Iri na biyu kamar filin kanka ne. Shahararriyarsu ita ce WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fito da ita a 2003, yau kuwa fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke. Ina nufin manhajar da kowa ke iya saukewa kyauta ya ɗora a masaukin da ya ga dama, ban da gidan haya na WordPress.com wanda sunansu ya zo ɗaya. Amfaninta ga mutumin Nijeriya a fili yake. Akwai kamfanonin masauki na gida masu karɓar naira. Sunan da ya ƙare da .ng ko .com.ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi, da naira ake sabunta shi. In masauki ya ɓata maka rai, sai ka kwashe kayanka ka koma wani. Abin da ya fi duka, masu iya ta suna da yawa, daga Ikko zuwa Sabon Badun har Kano. In magini ɗaya ya tafi, ba za a rasa wanda zai ci gaba ba.

To amma mai fili shi ke yaɓen katangarsa kafin damina. WordPress tana bukatar a riƙa sabunta ta, ita da ƙananan manhajojin da ake jona mata, a kuma riƙa ajiye kwafin shafin a gefe. In aka bar ta wata da watanni ba mai leƙawa, ɓarayin intanet kan sami kafa su shiga, ka ga shafin mai sayar da turare ya cika da tallan caca. Mafi muni shi ne abin da waɗansu magina ke yi na sauko da zanen sata wanda asalinsa na kuɗi ne, don su rage tsada, alhali sau da yawa da ɓarna a ƙunshe cikinsa. Araha ba ta ado. Saboda haka duk wanda zai ɗora ɗan kasuwa a kan WordPress, lalle ne ya gaya masa tun farko cewa akwai kuɗin kulawa, a kuma yanka shi a fili.

Wanne za a zaɓa ke nan? Sana'ar ce za ta faɗa. Makanike da mai wanki da guga da tela ba su bukatar katafaren shafi. Fuska ɗaya ta ishe su: hotunan aiki, kwatancen shago, lokacin buɗewa, lambar waya, da wurin da za a taɓa a faɗa WhatsApp, domin a can cinikin zai ƙare. Irin wannan ba ya bukatar taɓawa kullum, kuɗinsa kuma kaɗan ne. Mai kanti da ke da kaya ɗaruruwa, yana aikawa wasu garuruwa, shi ne ke bukatar WooCommerce a kan WordPress, ko kuwa Shopify in ribarsa za ta ɗauki dala, a haɗa masa da Paystack ko Flutterwave don karɓar kuɗi. Kowanne aka zaɓa, a gwada shi a ƙaramar waya mai araha, a wurin da layi ba shi da ƙarfi, domin da irinta masu ciniki za su buɗe. Shafin da aka cika da manyan hotuna yana cinye datar mutane, kafin ya gama buɗuwa mai saye ya yi gaba.

Gare ku samari magina, wannan aiki amana ce. Ku yi rajistar suna da sunan mai shago, da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Ku rubuta masa kalmomin sirri a takarda, tare da ranar da kowane biya zai zo da adadinsa. Ku zauna da shi ko da yaron shagonsa ku koya masa canza farashi da hoto. Wanda ke riƙe mabuɗi don a dawo wurinsa dole, ciniki ɗaya zai ci. Wanda ya miƙa shi da hannu biyu, shi za a riƙa kwatanta wa maƙwabta. Ku kuma 'yan kasuwa, kada ku cika kuɗin aiki sai kun shiga shafin da hannunku, kun ga sunanku a takardar rajista.

Telana dai ya sayi sabon suna, wannan karon da sunan kansa, ya sake buga kati, ya sa an goge allon ƙofa an sake rubutawa. Ledoji dubu biyun da suka rage masa kuwa, har yanzu da tsohon adireshin yake ƙunsa wa mutane ɗinki a ciki.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.