Karan taba ɗaya, kuɗin buhun hatsi

Wanda ya taɓa zuwa Yamai ya san gadar Kennedy. Ita ce gadar farko da aka ɗora bisa kogin Isa a birnin, an buɗe ta cikin 1970. Dab da bakinta akwai Gaweye, ɗaya daga tsofaffin unguwannin garin. A nan gomnati ta gina babban otal zamanin shugaba Seyni Kunce, lokacin da kuɗin uraniyom ke shigowa. Cikin shekarun 1980 nan ne masaukin manyan baƙi: ministoci, jakadu da attajiran ƙasashen waje.

Mutumen ƙauye in ya ga irin waɗannan baƙi, wani abu yakan ba shi mamaki. Sai ya ga babban mutum zaune da wata taba a baki, mai kaurin babban yatsa, mai launin ƙasa. Ba takarda jikinta. Ganye ne zalla, ciki da waje. Faransawa na ce mata sigar. Wadda ta fi suna daga tsibirin Kuba take fitowa, can kusa da Amurka, ana kiranta da sunan babban birninsu, Habana. Yau akwai wadda kara ɗaya tak ya kai kuɗin buhun hatsi, har ya wuce.

Shi kansa mai sunan gadar mashayinta ne. Cikin 1962 shugaba Kennedy na Amurka ya hana shigo da kayan Kuba ƙasarsa. Kakakinsa Pierre Salinger ya ba da labari daga baya cewa sai da ya samo masa kara 1,200 kafin ya sa hannu ga takardar. Sarki ya cika rumbunsa, sannan ya rufe kasuwa.

To, mi ya sa ganye ya yi wannan tsada? Taba dai taba ce. Dangin wadda manoma suka daɗe suna shukawa cikin fadamar Gulbin Maradi ce, wadda ake dakawa a haɗa da kanwa a sa ga baki, wadda mata ke goga furenta ga haƙora tare da goro. Bambancin yana ga ƙasa, amma ya fi yawa ga aikin hannu.

Manomin yankin Pinar del Rio, yammacin Kuba, ba ya sare tabarsa rana ɗaya. Ganye biyu ko ukku yake tsinka ga kowane tushe, daga ƙasa zuwa sama. Sai ya bar ƴan kwanaki, ya koma. Ya san kowane ganye da aikinsa. Na ƙasa ba shi da ƙarfi, amma yana cin wuta da kyau. Na tsakiya shi ke da ƙamshi. Na sama, wanda ya sha rana, shi ke da ƙarfi da yaji. Akwai kuma gonar da ake yi wa rumfa da farin ƙyalle, don ganyenta ya fito da laushi da faɗi. Wannan shi ne rigar waje.

In an tsinko, ba a shanya shi ga rana, ba a zuba shi ƙasa. Ana ɗinke ganyen bibbiyu da zare, a rataya ga sanduna cikin babbar bukka mai inuwa. Ana buɗe ƙofa ko a rufe, gwargwadon iska da raɓa. Wajen kwana 50 yake yi nan. Kore ya koma rawaya, rawaya ta koma launin ƙasa.

Bayan haka sai a tara shi tsibi-tsibi a lulluɓe. Tsibin yakan ɗauki zafi da kansa, kamar yadda kalwa ke yi in ana daddawa. Zafin nan ke fidda ɗaci da warin ganye. In ya yi yawa, ganye ya ruɓe. Don haka kullum ana auna shi, in ya hau a warware tsibin, a kaɗe, a sake tarawa. Daga nan a zare jijiyar tsakiya, a ware ganye bisa launi da girma, a ɗaure dami-dami a ajiye. Ganyen sama yakan yi shekara biyu ko fiye yana jira. Mai bashi a wuya ba ya iya wannan haƙuri, shi ya sa ba kowa ke cin ribar ba.

Sannan aiki ya zo ga mai naɗi. Kayan aikinsa kaɗan ne: allon katako, wata faffaɗar wuƙa marar ƙota, da ɗan ƙaro wanda ba shi da ɗanɗano. Yana jera ganyen ciki a tafin hannu, mai ƙarfi a tsakiya, mai cin wuta a gefe. Ya naɗe su da ganye na biyu, ya matse cikin katako mai rami. A ƙarshe ya yanka rigar waje, ya miƙe ta, ya naɗa a karkace ba tare da ƙulli ko tsaga ba. In ya matse da yawa, hayaƙi ba ya fita. In ya sassauta, ta ƙone da sauri ta yi ɗaci. Hannu ne ke gane tsakanin biyun, kamar yadda mai tukunya ke gane yumɓu ya ji ruwa. Da yawan masu wannan aiki mata ne. Kuma tun 1865 akwai wata al'ada a ma'aikatunsu: mutum ɗaya na zaune bisa, yana karanta masu jarida da littafi da ƙarfi, su kuwa hannu na aiki. Ƴan ajin yaƙi da jahilci sun san daɗin wannan.

Mashaya sun ce ɗanɗanonta yana sakewa daga fari zuwa ƙarshe. Farko sanyi-sanyi, da ƙamshin itace. Tsakiya kamar gasasshen kafe, ko sabuwar fata daga hannun dukawa. Kusa da ƙarshe sai yaji ya taso. Kara ɗaya yakan ɗauki awa guda. Tana kuma son laima. In aka bar ta waje lokacin ɗari a Yamai, iska ta busar da ita, rigar ta tsage, kuɗi sun tafi.

Amma tsada ba ta wanke ta. Babban kara ɗaya na iya ɗaukar taba daidai da kwalin sigari cikakke. Ko mutum bai haɗiye hayaƙin ba, tana kawo ciwon daji na baki da maƙogwaro. Tabar da ake sawa ga baki da kanwa ma haka take, tana cin dasashi. Hukumar lafiya ta duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. Nijar ta kafa dokar yaƙi da shan taba cikin 2006. Ba wanda ke cewa manomi ya bar hatsi ya bi taba, balle yaro ya koyi sha.

Abin ɗauka shi ne aikin da ake yi bayan girbi, don nan kuɗi ke shiga ko su zube. Ƙasar nan ma tana da kayan da suka yi suna. Fatar jar akuyar Maradi masu jima na Turai sun daɗe da saninta. Amma fata nawa ke lalacewa tun a gida? An yi wa dabba lamba da wuta a tsakiyar jiki. Mai fiɗa ya yi sauri, wuƙa ta huda. An shanya ta ƙasa ga rana tsaka, ta ƙone, gashi ya zube. Da an wanke ta, an kankare kitse, an miƙe ta da igiya cikin inuwa inda iska ke ratsawa, da dillali bai samu abin rage kuɗi ba.

Albasar Galmi ma haka. Wanda ya yi ban ruwa har ranar cira, ya yanke ganye ɗanye, ya tura buhu, dole ya sayar lokacin da kasuwa ta cika. Wanda ya tsai da ruwa kwanaki kafin cira, ya bari wuyan albasa ya bushe, ya fidda mai rauni, ya jera sauran cikin rudu, shi ke kai tasa kasuwa da damina, sa'ad da buhu ya yi tsada.