Mu a Tunuga ba zaman jiran sadaka muke yi ba

Malam Edita,

Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya hana ni barci tun ranar Talata. Wata ƙungiya, ba zan kama sunanta ba, ta zo Tunuga da motoci uku don raba injinan ban ruwa ga manoman shinkafa. An kafa rumfa, mata sun yi guɗa, an ɗauki hotuna. Da jami'insu ya karɓi lasifika sai ya ce matsalar mutanen yankin nan ita ce sun saba da zaman jiran a ba su. A gaban dattawanmu ya faɗa, mai gari yana zaune.

Zaman jira? Mu? Malam Edita, jami'in nan ya zo kwarin Foga da rani ya ga matanmu suna kankare ƙasa, suna tacewa, suna tsaye bakin wuta tun asuba har gishiri ya fito. Mahaifiyata da kuɗin gishirin nan ta aurar da 'ya'yanta mata huɗu, ba ta taɓa ganin farar mota a ƙofar gidanta ba. Ya je fadamun Gatawani da Dole ya ga masu dashen shinkafa ruwa har gwiwa. Ya tambayi masu muruci da masu rake ƙarfe nawa suke fita gida. Waɗannan ne ake ce wa masu zaman jira?

Ni ma na taɓa karɓar irin wannan inji shekarun baya. Wata biyar ya yi aiki ya tsaya. Na kai shi Gaya, makanike ya ce ba a samun kayan gyaransa. Na tsallaka Kamba, nan ma babu. Yana nan a zaurena, kaji na kwana a kansa. Da an tambaye mu, da mun ce a kawo irin wanda yaranmu suka iya kwancewa su ɗaura. Ba a tambaye mu ba. Allon da aka kafa bakin hanya da sunan aikin kuwa har yau yana tsaye.

Ba na cewa duk taimako banza ne, Allah ya kiyaye ni da butulci. Asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maradi a 1991 ya kai ƙasashe da dama, kuma matata tana cikin irinsa. Kowane mako suna zuba abin da ya sawwaƙa, su ranta wa junansu, su raba riba. Ya ɗore ne don kuɗin nasu ne, akwatin nasu ne, ba a kawo musu ƙarfen da zai lalace ba. An koya musu tsari kawai aka ja baya.

Abin da ke karya mu kasuwa ce. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanbil. Ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkumin da ta ƙaƙaba mana a Fabrairu 2024, gadar ba ta buɗe ba, mutane suka koma kwalekwale da kaya a ka, kowane tsallake da kuɗinsa. Kafin nan Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, mun sha wannan ma. Jirgin ƙasan da aka ce zai haɗa mu da Kwatano, an shimfiɗa layinsa daga Yamai zuwa Doso, nan ya tsaya. Ga ɗan kasuwa da ke ranta maka kuɗin taki da damina, ranar girbi ya zo da buhunansa ya yanka farashin da ya ga dama. Sannan wani ya zo ya ce zaman jira muke yi!

Alhazanmu na Gaya da Yamai, Allah ya saka muku da alherin buhunan azumi. Amma injin casar shinkafa ɗaya da sito mai rufi za su fi mana amfani, mu ajiye amfanin gona har farashi ya tashi. Samarinmu kuma da suka bar gona suka koma kabu-kabu da safarar fetur a jarka, ina ganin laifinsu, amma wa zai zauna noman da ribarsa ke aljihun wani? Zaɓaɓɓunmu da muka tura Yamai shekara da shekaru, ko sau ɗaya ban ji sun tayar da maganar gishirin Foga ba.

Ina kira ga wannan jami'i ya dawo Tunuga ba tare da mai hoto ba, ya zauna a tabarma da manoma da matan gishiri, ya nemi afuwar dattawanmu, sannan ya tambaye mu abin da muke bukata.

Naka,
Wani manomin shinkafa,
Tunuga, gundumar Gaya.