Kwangilar gwamnati ba gadon kowa ba ce

Shekara da shekaru, ɗan kwangilar Damagaram ko Tawa ba ya jin labarin aikin gina aji ko haƙa rijiya sai jaridar Le Sahel ta iso daga Yamai, wa'adi kuwa ya kusa cika. Saka sanarwa a shafin intanet na kwangilolin gwamnati shi ne maganin wannan jinkiri, in an riƙe shi da gaskiya.

Muna kira ga mahukunta su saka kowace sanarwa a kan lokaci, har ta ƙananan komin, su kuma bayyana wanda ya ci aikin da kuɗin da aka ba shi. Binciken ma'aikatar tsaro na 2020 ya nuna mana inda kwangilar ɓoye ke kai dukiyar talaka. Tun da Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, a riƙa karanta sanarwar da Hausa a gidajen rediyo.

Ku kuma ƴan kasuwa, ku tanadi lambar NIF, rajistar kasuwanci da shaidar biyan lanho tun kafin sanarwa ta fito. Ba a fafe gora ranar tafiya.