Darar Mutum Huɗu

Masu karatu, duk wanda ya zauna gindin bishiya a Tambuwal ko Kebbe ya san dara: gurabu 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin wasansa. In ka ci, sunanka ne. In an cinye ka, kunyarka ce kai kaɗai.

Darar Turawa, wato ces, gidajenta 64 ne. Abin da ya fi jan hankalinmu a cikinta shi ne gasar ƙungiyoyi. Mutum huɗu ke zama gaban mutum huɗu, kowa da allonsa. Ci maki ɗaya ne, canjaras rabi, sa'an nan a tara. To, a ce abokanka uku sun kawo maki biyu, saura kai. Canjaras ya ishe ku. Amma ga wata dabara mai haɗari tana yi maka ƙwalele, wadda in ta yi kyau sai tafi. In kuwa ta ɓaci, an tashi biyu da biyu, nasarar mutum huɗu ta zube. Dara ta ci gida ke nan.

A gasar duniya ta 2014, a garin Tromso na ƙasar Norway, 'yan Sin sun buga wasa 44. Canjaras sun yi shi da yawa, amma sau ɗaya tak aka cinye su, suka tafi da zinariya.

Mu malamai ba sai mun jira alluna daga Sakkwato ba. A tona dara huɗu bayan aji, a zaunar da yaran Tambuwal huɗu da na Kebbe huɗu, a tara musu maki.